Na Ce Masa Tsakuwa Ce

Jama'a, masu turo min "Allah sarki" a ƙasan rubutu, yau ku riƙe abinku tukuna. Ku karanta har ƙarshe, in kun ga na cancanta sai ku turo. Sau huɗu ina rubuta wannan kashin ina gogewa. Yanzu haka a cikin motata nake, a gindin wata bishiya, na ɗage gilashi kamar wani zai leƙo ya ga abin da nake rubutawa.

Ga wanda yau ya fara bin labarin: ni direban motar ɗaukar kaya ne. A aji biyu na sakandare na bar makaranta, ba korata aka yi ba, kujera ce take cizona. Na taɓa ɗinki, na taɓa walda, na taɓa gyaran waya. Sauri ake ce min a unguwa, kuma ba yabo ba ne. Abu ɗaya na taɓa zama a kansa har shekara biyu ban tashi ba, shi ne son Auta.

Auta 'yar Baba Mai Inji ce. Shekara talatin yana da shago a layin makanikai, yana sassaƙa ƙarfe da wani tsohon inji kore mai tsawon gado biyu. In wani abu ya karye a mota ko a injin niƙa kuma babu shi a kasuwa, wurinsa ake zuwa ya fitar da sabo daga guntun ƙarfe. Abin da mutane ba su sani ba, shekara huɗu ke nan idonsa yana dushewa, Auta ce idonsa. Ita take awo, ita take saita wuƙar injin, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa yana hira da masu kawo aiki don kada su leƙa ciki. Da idon ya ƙi gaba ɗaya, sai ya yanke shawarar a rufe shagon, a kai injin gida, a ɗakin da ke kusa da ƙofar waje, Auta ta ci gaba da aikin a fili da sunanta.

Baffa, yayan Baba, bai so ba ko kaɗan. Shi a sayar da injin, Auta ta je ofishin da ɗansa Akawu yake aiki a ba ta kujera da fanka. Ku da kuka daɗe tare da ni kun san ba kujerar kaɗai Akawu yake so ya ba ta ba. Da ƙyar Baffa ya yarda da sharaɗi: a ga aikinta na farko. In ya yi kyau, shi ke nan. In bai yi ba, injin ya tafi.

Akwai wani abu da ban taɓa gaya muku ba. Ranar da na fara zuwa gaishe da Baba, ya tambaye ni me na iya ban da tuƙi. Bakina ya riga hankalina. Na ce na yi shekara uku a wurin Mai Sarƙa, dattijon nan da babu kamarsa wajen ɗaga manyan injina da miƙar da ƙarfen da ya karkace. Gaskiyar magana sati bakwai na yi. Ranar da ya tara min sarƙoƙi goma sha biyu ya ce in wanke da kananzir, na ce masa zan zaga bayan gida. Har yau a saninsa ina can.

Don haka da maganar ɗaukar inji ta taso, Baba bai nemi kowa ba.

"Ga ɗan gida, yaron Mai Sarƙa," ya ce wa Baffa. "Me za mu je nema a waje?"

Ana gobe za a ɗauka, da la'asar, saƙon Auta ya shigo. Har yanzu yana wayata:

"Malam Sauri, ka karanta a hankali, ban ce ka karanta da gudu ba. Akwai doguwar sanda mai zare a gaban injin, daga kai har wutsiya. Ita take jan wuƙa in ana yanka zare. Sarƙa ta bi ta BAYANTA, kada ta taɓa ta. Na yanka katako huɗu na ajiye a ƙarƙashin benci, ka sa su tsakanin sarƙa da jikin injin. Inna ta ce in zauna in gyara ɗakin, ba zan zo ba. Na bar maka amanar kakana."

Kakanta take ce wa injin, wai ya girmi Inna.

Na mayar mata: "Ranki ya daɗe, kin manta wa kike wa bayani?"

Ta turo fuskar dariya guda uku. "Shi ya sa na rubuta da manyan baƙaƙe."

Da safe na sa sabuwar farar riga mai dogon hannu. Ku ji fa, farar riga, ranar ɗaukar inji. Har turare na fesa. Na ɗauko Ƙato, abokina ɗan dako, da mutanensa uku, muka aro ƙarfen nan mai ƙafa uku da sarƙar ɗaga kaya, da bututun ƙarfe shida da za mu gangara injin a kansu.

Ƙato ya dube ni sama da ƙasa. "Ango, ɗaurin aure za mu ko aiki?"

"Kai dai ja sarƙa, ni kai zan yi amfani da shi."

"To Allah ya sa ka zo da shi."

Mun tarar da Baba zaune a kan benci a bakin shagon, da hularsa da sandarsa, ya juya kunne wajen titi. Kusa da shi Akawu ne tsaye, takalmi yana ƙyalli, makullin mota yana juyawa a yatsa. Wai Baffa ne ya turo shi ya sa ido.

Mun kwance notinan ƙasa, mun kafa ƙafa uku a kan injin. Na durƙusa zan zura sarƙar ta bayan sandar kamar yadda aka ce. Wurin matsattse ne, hannu ba ya shiga sai an kwanta a ƙasa, ƙasan kuwa baƙin mai ne na shekara talatin. Na dubi man, na dubi rigata.

"Wai har yanzu ba a fara ba?" in ji Akawu, yana duba agogo. "Na ɗauka wanda ya yi shekara uku a wurin Mai Sarƙa, kafin a ƙifta ido ya gama. Ko a kira masu abin?"

'Yan layin sun fara taruwa. Wani mai faci ya yi dariya. Kunnuwana suka ɗau zafi.

Na miƙe, na zagaya sarƙar ta waje, ta rungume injin gaba ɗaya, har da sandar. Katakon Auta suna ƙarƙashin bencin da Baba yake zaune. Ina ganinsu, guda huɗu, an ɗaure su da jan ƙyalle. In zan ɗauko sai na ce wa Baba ya ɗaga ƙafa, sai na tsuguna a gaban takalmin Akawu. Na ce a raina, ɗagawar minti biyu ce, me zai faru?

"Ƙato, ja!"

Sarƙa ta miƙe, ƙafa uku suka yi ƙara, injin ya bar ƙasa da kamar taƙi ɗaya. Sai kansa, inda nauyin yake, ya rinjaya gefe. Sarƙar ta zame ta ciji sandar.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, ko Ƙato bai ji ba. Amma Baba ya ɗago kai.

"Me ya yi ƙara?"

Na dubi sandar. Sawun sarƙa biyu sun fito fari tas a kan zaren, kusa da kan injin. Na kai ido daidai tsawonta, na ga kamar ta ɗan yi ciki, kaɗan ƙwarai, abin da in ba ka nema ba ba za ka gani ba.

"Tsakuwa ce, Baba. Ƙafar ƙarfen ce ta taka tsakuwa."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Ci gaba, ɗana."

Ɗana. Ranar ya fara ce min haka.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya sa na goge rubutun nan sau huɗu. Da muka ɗora injin a mota, ina ɗaure shi da igiya, sai na lakato baƙin mai da yatsa na shafe sawun. Na murza keken da wuƙar take zama a kai, na turo shi ya rufe wurin. Katakon kuma na fakaici ido na jefa su bayan kujerar motata. Ba ruɗewa na yi ba. Da hankalina na yi, ɗaya bayan ɗaya.

Sauran aikin kuwa, kamar don a ƙara min azaba, ya tafi lafiya lau. Na tuƙa motar kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙofar gida muka sauke shi a kan bututu, muna turawa taƙi taƙi, wanda ya fita ta baya a dawo da shi gaba. Ƙofar ɗakin ta fi injin faɗi da yatsa uku kacal, ya shige bai ko gogi fenti ba. Maƙwabta suka yi tafi.

Auta tana ciki tana jira. Ta sa shuɗiyar rigar aikin Baba, ta naɗe hannuwan sau uku don ta yi mata yawa, ta ɗaure ɗankwali tam ta cusa bakinsa ciki yadda inji ba zai kama ba. Ta share ɗakin, ta shafa farin fenti, ta buga ƙusoshi a bango ta rataye sufanu daga babba zuwa ƙarami. A kan taga har da wata 'yar fulawa a gwangwanin madara. Ta dafa kan injin kamar mai gaishe da tsoho.

Ta matso kusa da ni ta rage murya. "Ka sa katakon?"

"Na sa."

"Duka huɗun?"

"Haba Auta."

Ta yi murmushin nan nata da ke lotsa kumatu ɗaya. "Yi haƙuri. Rigarka ce na ga ba ta yi datti ba, na ce ko aljanu ka sa."

Inna ta kawo mana shayi da ruwan sanyi, nawa kofin daban, mai hannu. Baba ya ce a gaban Akawu, "In an ga aikin Auta, sai a zauna maganar yaran nan." Akawu ya tafi ko sallama babu. Ni kuwa na ajiye shayin ban sha ba.

Bayan kwana uku aikin farko ya zo. Mai injin niƙa na bakin kasuwa ne ya kawo sandar injinsa da ta karye, a fitar masa da sabuwa, da zare a bakinta inda noti zai ɗaure. Da ya ga wadda za ta yi, sai da ya koma ya sake duba ƙofar gidan ko ɓata ya yi.

Saƙonninta na kwanakin nan, ga su yadda suka shigo.

Talata: "Jikin sandar ya fita sumul. Gobe zare. Yi min addu'a."

Laraba: "Notin ya shiga zagaye biyu ya cije. Ina jin wuƙar ce, zan wasa ta."

Alhamis: "Na sake da sabon ƙarfe. Haka dai. Zaren yana fita kamar tafiyar mai jiri. Na duba zaman injin, na duba haƙoran, komai daidai."

Alhamis ɗin dai, bayan awa ɗaya: "Sauri, ko dai da ma Baba ne yake yi, ni ina riƙe masa kawai ban sani ba?"

Na karanta wannan ina kan layin lodi. Na rubuta "Auta akwai maganar da" na goge. Na rubuta "Ki duba" na goge. Kun san abin da na tura a ƙarshe? "Ki kwantar da hankalinki, kowa yana kuskure."

Kowa yana kuskure. Ni na rubuta mata haka.

Ta duba komai a jikin injin nan ban da sandar. Ba don ba ta san aikinta ba. Don ta tambaye ni ne, na ce na sa.

Ranar Juma'a mai niƙa ya zo karɓar kayansa ya tarar ƙarfe na uku ma ya lalace. Ƙato ne ya ba ni labari, yana wucewa da kurarsa ta dako lokacin. Wai a tsakiyar layi mutumin ya tsaya yana ɗaga notin sama.

"Kwana shida injina a kashe! Ni da ma na faɗa, wanda bai gani ya koya wa wadda ba ta iya ba, me za a samu?"

Ƙato ya ce Baba yana tsaye a bakin ƙofa, komai a kunnensa. Ya ƙare labarin ya zuba min ido.

"Ango, ranar nan da za mu tashi na ga ka jefa wasu katakai a bayan kujera. Na mene ne?"

"Na girki ne."

"Uhm," ya ce. "Allah ya ba da sa'ar girki."

Jiya Asabar da hantsi saƙonta ya shigo: "Baffa ya zo da mai saye. Kada ka zo, ba na son ka gan ni haka."

Na yi minti ashirin riƙe da sitiyari, mota a kashe. Duk abin da na taɓa gudu a rayuwata, ta ƙofar baya na fita, kuma ban taɓa waiwayawa na ga wanda na bari da aikin ba. Wannan karon na san fuskarta. Na miƙa hannu bayan kujera na jawo katakon, har yanzu da jan ƙyallensu.

Na same su a ɗakin injin. Baffa a kan kujerar roba ya baza babbar riga, Akawu a bayansa. Wani mai sayen tsofaffin injina yana zagaya injin yana ƙwanƙwasa shi da makulli. Inna a bakin ƙofar cikin gida, ta riƙe labule. Baba a kan benci. Auta tana jingine da bango cikin doguwar riga ruwan toka da mayafi, ta ninke shuɗiyar rigar aikin ta ajiye a kan taga kusa da fulawar. Ninkewar nan ta fi komai dukana.

"Ba ƙin ki ake ba, 'yata," Baffa yake cewa. "An ba ki dama, kin gwada, mun gani. Sunan ubanki na shekara talatin ba za a ƙarar da shi a sati ɗaya ba."

"Na ji, Baffa," ta ce. Muryar ba tata ba ce.

Na yi sallama. Akawu ya ce, "Yawwa, ga mai ɗauka ya zo. Sai ka sake fitar da shi yadda ka shigo da shi."

Na wuce shi na durƙusa a gaban Baba, na ajiye katakon a kan ƙafafunsa. Ya shafa su, ya taɓa ƙullin ƙyallen. Auta ta ɗago daga bango.

"Baba, ba tsakuwa ba ce."

Mai sayen ya daina ƙwanƙwasa.

"Ban sa katakon ba. Ta kan sandar na ɗaura sarƙa, don kada rigata ta ɓaci, don kada a ce na daɗe. Ƙarar da ka ji sandar ce. Na shafe wurin da mai, na turo keken na rufe. Hannun Auta lafiyarsa lau. Ni ne."

Ban san muryata tana iya ƙanƙancewa haka ba.

Auta ta nufi injin. Ta zo ta murza keken baya, ta ciro bakin mayafinta, mayafi mai kyau, ta goge baƙin man da shi. Sawun sarƙa biyu suka fito. Ta ɗora farce a jikin sandar, ta juya ta da hannu a hankali. Kowa a ɗakin ya ga yadda sandar take taɓa farcen ta sake, ta taɓa ta sake.

Ta kamo hannun Baba ta ɗora a wurin. Ya daɗe yana shafawa.

"Na ji ta," ya ce a hankali. "Shekara talatin ina jin ƙarar ƙarfe, na san ba dutse ba ne. Amma ka ce min tsakuwa, sai na ce to kunnen ma ya bi idon."

Da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Inna ta saki labule ta shige ciki.

"Kun gani ko?" Akawu ya fara. "Irin mutumin da..."

"Rufe min baki," in ji Baffa. Ya juya wajen Baba. "Wannan ba ya canza komai. Inji dai ya lalace."

"Ya canza, Yaya," Baba ya ce. "Sharaɗinka a ga aikinta. Ba a gani ba tukuna. Aikin wannan aka gani."

Wannan. Ba ɗana ba.

Auta ta ɗauko rigar aikin daga taga ta warware, ta zura a kan doguwar rigarta. Ta zaɓo sufana biyu daga bango. Muna tsaye muna kallo ta kwance sandar daga kai har wutsiya, ba gaggawa, tana jera notinan a kan ƙyalle bi da bi. Mai sayen ya ga ba ranar ciniki ba ce, ya zame. Da ta gama ta naɗe sandar a tsohon bargo, ta zo gabana. Sai lokacin ta dube ni. Idonta ya yi ja, amma babu hawaye.

"Miƙo hannu biyu."

Na miƙa. Ta ɗora min.

"Kwana huɗu ina kallon hannuna ina tsanarsu," ta ce, yadda ni kaɗai zan ji. "Ka ce min kowa yana kuskure."

Na buɗe baki.

"A'a. Kai ta mota. Ka shimfiɗa ta a kwance, ka sa katakon a ƙarƙashi. Duka huɗun. Zan leƙo in ƙirga."

Ta leƙo kuwa, ta ƙirga da yatsa, ta juya ta shige gida.

Ga ni yanzu a gindin bishiya, sandar tana bayana a naɗe kamar marar lafiya. Tun jiya ban ci abin kirki ba. Na tura mata saƙo bakwai, duka ta buɗe, ba ta amsa ko ɗaya ba. Sai ɗazu, ina tsakiyar rubuta muku wannan, wayar ta yi motsi.

"Baffa ya ba da kwana uku. Mutum ɗaya ne yake da abin da zai miƙar da sandar nan ba tare da ya ɓata zaren ba, ka san shi. Gobe ƙarfe bakwai ka zo da mota. Kada ka yi min magana a hanya."

Ban gama haɗiye wannan ba wani ya biyo.

"Baba ya ce zai bi mu. Ya ce Mai Sarƙa ba ya karɓar aikin gaggawa, amma ba zai ƙi yaron da ya yi masa shekara uku ba. Ya ce wannan kaɗai ya rage da zai iya dogara da kai a kansa."

Na rubuta "Auta akwai sauran magana." Yatsana yana kan wurin turawa. Minti goma ke nan ban ɗaga shi ba, ban kuma danna ba.